Jitarka Ba Ita Kaɗai Ba Ce a Sujada



Kusan kowane mai kaɗa jita a majami'a ya taɓa yin wannan ƙorafi: a ɗaki jitar tana fita da daɗi, amma ranar Lahadi da ganga da kibod da jitar bes suka shigo, sai ta ɓace. Abin da aka saba yi shi ne a murɗa amfilifaya sama. Mai kibod ya ji an danne shi, shi ma ya ƙara. Mai ganga ya ƙara hannu. Kafin a kai baiti na biyu, iyayenmu da ke riƙe da Littafin Waƙoƙi sun yi shiru suna kallo. A ganina, a nan Hotoro ya kamata mu daina saita jita a gida. Wurin saita ta shi ne cikin majami'a, tare da sauran makaɗa, don kunnen jama'a.

Amfilifayar ba ta lalace ba. Kowane sauti karkarwa ne, kuma kowane kayan kiɗa yana da gonarsa. Tsirkiya mafi kauri a jita tana karkarwa kamar sau 82 a daƙiƙa, ta jitar bes kuwa kamar sau 41. Can ƙasa bes da babbar ganga ne masu gida, tare da hannun hagu na mai kibod. Can sama farantan ganga ne ke tashi. Gonar jita tana tsakiya. In mutum yana kaɗawa shi kaɗai, yakan cika maɓallin bes da na tirebul, ya rage na midil, domin haka ya fi daɗin ji. Da sauran sun shigo, bes ya cinye masa ƙasa, faranti ya cinye sama, tsakiyar da za ta fitar da shi kuwa shi da hannunsa ya rufe ta. Ƙari a kan haka, sauti mai kauri ya fi saurin danne siriri fiye da yadda siriri ke danne mai kauri.

Kunnenmu ma yana da nasa hali. A 1933, masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in sauti yana ƙasa ƙasa, kunne ba ya kama kaurinsa sosai, in ya yi ƙarfi kuwa sai kaurin ya fito fili. Shi ya sa saitin da ka yi da dare a hankali don kada ka tashi maƙwabta yakan zama gurnani ranar Lahadi.

Sai ginin kansa. Yawancin majami'unmu bangon siminti ne, daɓen tayil, wasu rufin kwano, duk masu maido da sauti. Ranar Asabar lokacin gwaji kujeru babu kowa, amsa kuwa ta yi yawa. Ranar Lahadi jikin mutane da tufafinsu suna shanye siririn sauti. Amfilifayar da aka ajiye a ƙasa cikin kusurwa kaurinta yakan ƙaru. Siririn sauti kuma yana fita ne kai tsaye daga bakin lasifika, kamar hasken tocila. In tana kallon gwiwarka, kai ba ka jin kaifinta, amma yaran da ke zaune a layin gaba suna shan sa.

Na san abin da wasu za su ce: kiɗa mai ƙarfi shi ke riƙe matasa, don haka a sayo babbar amfilifaya. Kafin dattawa su taɓa baiko, mu yi lissafi. In ka tashi daga wat 50 zuwa wat 100, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai ka ninka wutar kusan sau goma. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauti mai ƙarfi. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Matashin da muke so ya zauna, me zai ɗauka ya tafi gida da shi in bai ji kalma ko ɗaya ba?

Wani kuma zai ce, "Ai wannan shi ne sautina, baiwata ce." Ku dubi makaɗan Kwango irin su Franco. Jita har uku suke haɗawa, kowacce da layinta, kowacce siririya, babu mai hawa kan 'yar'uwarta. Ku dubi iyayenmu na zumuntar mata: tulu yana ƙasa, kacau-kacau yana sama, murya tana tsakiya, ana jin kowace kalma. Manzo Bulus ma a 1 Korantiyawa sura 14 ya kawo misalin sarewa da molo don ya nuna cewa sautin da ba a iya rarrabewa ba ya amfanar mai ji.

Ga abin da nake roƙo mu gwada a gwajin wannan Asabar. Mai ganga da mai bes su fara, mawaƙa su shiga, jita ta zo daga ƙarshe. Mai jita ya rage bes, ya ɗan ɗaga midil, ya sassauta maɓallin gen, domin kaushi da yawa yana murƙushe sauti ya kuma yi faɗa da muryar mawaƙa. A ɗora amfilifaya a kan kujera, a karkata ta zuwa kunnen mai kaɗawa. Lokacin da ake rera kalmomi ya taƙaita hannu, ya saki jiki a tsakanin baitoci. Sa'an nan mu zaɓi mutum ɗaya ya tsaya a layin baya ranar Lahadi, in ya ce a rage, a rage ba gardama.

In ka ji saitin nan kai kaɗai, zai yi maka kamar ya rame. Ka bar shi haka. In mama da ke layin ƙarshe ta iya bin waƙar daga farko har amin, jitarka ta yi aikinta.

Ubangiji ya albarkaci hidimarku.