Sa'a Ɗaya a Sama, Yini Guda a Ƙasa

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai tazarar kilomita 360 ko sama da haka kaɗan, kuma jirgi kan cinye ta cikin kimanin sa'a ɗaya. Wannan lissafin gaskiya ne, amma lissafin mutanen birni ne.

Makon jiya na gwada shi daga Rurum. Abuja tana kudu da mu, amma sai da na juya mata baya na nufi arewa, ta Rano da Bunkure, na kutsa cunkoson Kano: sa'a biyu. Na yi zaman sa'a biyu a filin jirgi, aka ƙara mana uku ba bayani. Da muka sauka, saura kilomita kusan 40 kafin tsakiyar Abuja. Ƙanena da ya shiga motar haya ya bi ta Zariya da Kaduna, shi ya tarbe ni a masauki yana murmushi.

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Shekara ɗari ke nan, amma mai naƙuda a ƙauyukan Kibiya kan daɗe a hanyar asibiti fiye da yadda na daɗe a sararin sama. Don haka, ya ku mahukunta, kafin ku yi mana alfahari da saurin jirgi, ku gyara mana hanyar da za ta kai mu gare shi. Da ƙasa ake fara auna nisa.