Hadda babu tambaya, cinikin biri a sama ne

Duk macen da ke da rumfa a kasuwar Dole ta san ba a biyan kuɗin gero sai an zura hannu cikin buhu, ba a yanka atamfa sai an warware ta an duba. Mai sayen kaya babu tayi, babu tambaya, jarinsa ba ya kai baɗi. To jama'a, don me muke cire kuɗin littafi da na alli daga wannan jari, mu tura yaro lakwal shekara 6, amma ba mu duba abin da ake zuba masa a ka?

A azuzuwa da dama, mushe ya faɗa, yara su maimaita, su kwafe, su hardace. Yaro zai kawo darasi da Faransanci tiryan-tiryan, amma ka ce ya faɗi ma'anarsa da Hausa sai ya sunkuyar da kai. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 da ke kammala firamare a Nijar, waɗanda ke karatu suna fahimta yadda ya kamata ba su kai 1 ba. A 2019 an samu ci gaba zuwa wajen 3 cikin 10. Har yanzu da sauran tafiya.

Ba mu raina hadda ba. Damagaram garin allo ne, kuma muna alfahari da mahaddatanmu. Sai dai malamanmu ba su tsaya nan ba: bayan sauka sai makarantar ilimi, a ɗauki Ahalari, Ishmawi da Risala, malam na fassara kalma-kalma, almajiri na tambaya har ya gane. Wannan mataki na biyu ne ya yi ƙaranci a lakwal.

Illar ba ta tsaya cikin aji ba. Yaron da aka saba masa da cewa tambaya rashin kunya ce, gobe shi ne mai jefa ƙuri'a. Bayan Taron Ƙasa na 1991, an zaɓi ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, a 1993, soja suka kifar da shi a Janairun 1996. A Agustan 2009 aka yi ƙuri'ar tazarce, ƴan adawa suka ƙaurace, aka ce kashi 92 cikin 100 sun amince. A Fabarairun 2010 soja suka sake karɓar mulki. Cikin masu “i” da masu “a'a”, mutum nawa suka san abin da ke cikin kundin da aka rubuta da Faransanci? Da yawa taken jam'iyya muka hardace, kamar darasin mushe. Ba mu ce lakwal kaɗai ke da laifi ba, akwai talauci da kwaɗayin manya. Amma wanda bai iya tambaya ba, da turmin atamfa da sabulu ake sayen muryarsa. Tun Yulin 2023 soja ke mulki, an rusa jam'iyyu a 2025. Duk ranar da aka koma ga akwati, yaran da ke aji yau su ne za su yanke hukunci.

Magani kuwa ba daga nesa yake ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta bai wa harsunanmu gurbi a makaranta, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Sai dai a fassara hadda zuwa Hausa ba shi ne gyara ba. Ana bukatar malamai masu horo, da littattafai, da jarabawar da ke tambayar “don me?”.

Mu ma iyaye da namu aiki. In yaro ya dawo, ki ce ya bayyana miki darasin yau da Hausa. Ka ba shi lissafin tiya da riba ya fitar da kansa. A je taron COGES a tambayi darakta abin da yara suka iya, ba yawan waɗanda suka wuce aji kawai ba. In kuma yaro ya yi tambaya cikin ladabi, kada a kwaɓe shi. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace.