Gidan Na'ura Ma Aikin Injiniya Ne

Duk wanda ya taɓa halartar baje kolin ƙere-ƙeren ɗaliban sakandare ya san yadda abin yake. Yaro ya haɗa fitilar caji ko ƙararrawar kama ɓarawo, abu yana aiki sarai, amma an cusa shi cikin kwalin takalmi an naɗe da salatif. Sai a yaba wa wayoyin, a kau da kai daga kwalin. Wannan kuskure ne, domin ƙurar hunturu da zafin bazara da laimar damina gidan suke fara tararwa, kuma shi ne ke tsakanin yatsan yaro da wutar lantarki.

Bazazzagi bai kamata ya buƙaci dogon bayani a nan ba. Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma sanin kaurin da bango ke buƙata da inda nauyi zai sauka ne ya tsayar da bakan gizonsa. Mai zana gidan roba lissafi irin wannan yake yi, sai dai nasa da milimita ne.

Manhajar zane a kwamfuta ba sabon abu ba ce. AutoCAD ta fito tun 1982, ga kuma FreeCAD wadda kyauta ce. Ɗalibi zai auna allon wayoyinsa, ya zana shi, sa'an nan ya kewaye shi da bango mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Dole kaurin ya zama bai ɗaya, in ba haka ba roba takan lotsa wajen hucewa. In zubi za a yi, sai a ɗan karkata bangon da digiri 1 ko 2 don ya fita daga mazubi ba gardama. Ramin da bai dace da makunni ba, a fuskar kwamfuta ake ganinsa tun ba a ɓata roba ba. Zaɓen robar ma da magana: PLA, wadda injin ɗab'i mai siffa uku ya fi amfani da ita, tana fara laushi wajen digiri 60 na ma'aunin Selsiyos, ABS kuwa sai ta haura 100. Na'urar da za ta wuni ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ABS ta fi dacewa da ita.

Wasu malamai za su ce ina kwamfutar, ina wutar? Suna da gaskiya, amma rabinta. Awo da zanen farko da takarda da fensir ake yi, a darasin zanen fasaha da yake cikin manhajar karatu tuntuni. Kwamfuta ɗaya ta isa aji ya riƙa karɓa-karɓa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello, mai tsangayar injiniya, tana nan Samaru. Ya dace makarantu irin su Alhudahuda da Barewa su nemi haɗin kanta, su kuma ware maki na musamman ga gidan na'ura a gasar ɗalibai. Cikin sharuɗɗan a sa cewa da sukuru za a rufe shi ba da gam ba, don mai gyaran rediyo ya iya buɗewa ya gyara ba tare da ya fasa ba.