Aikin Zuciya Ba Ya Ƙarewa A Ɗakin Fiɗa

A shekarar 1974 aka fara yin fiɗar buɗe zuciya a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Enugu, amma har yau wannan aiki yana yi wa talaka nisa. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kimanin 8 suna zuwa da lahani a zuciya. Iyaye kan sayar da gona ko shanu su kai ɗansu Indiya, ran da aka dawo a yi ta barka, alhali kuwa haɗari bai wuce ba.

Wasu matsalolin tun a asibiti suke bayyana. Idan ruwan maiƙo mai kama da madara ya riƙa zuba cikin ƙirji, kuma canjin abinci bai tsayar da shi ba, sai an ɗaure magudanarsa. Idan bugun zuciya ya yi nawa, sai a dasa na'urar daidaita shi. Amma akwai waɗanda kan biyo yaro gida: miki ya ruɓe, ko kuwa ruwa ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya cikin makonnin farko, ya matse ta. Maganin wannan shi ne a tsiyaye ruwan da gaggawa, da allura ko da 'yar fiɗa.

To, a nan ne mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suke da abin tsoro. Alamomin, wato zazzaɓi da haki da ƙin nono, suna kama da na zazzaɓin cizon sauro. Uwar da ke Riruwai sai ta ratsa dajin Falgore kafin ta kama hanyar Kano, kuma kwana guda da aka ɓata ana ba da maganin da ba shi ba yana iya zama ajali.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta buɗe rajistar yaran da aka yi wa wannan aiki, ta horar da ma'aikatan asibitocin yankin su gane alamomin, ta ba su ƙaramar na'urar hoton zuciya da motar ɗaukar marasa lafiya, sannan ta haɗa su kai tsaye da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Babu shakka kuɗin wannan bai kai na fiɗar ba, kuma ba daidai ba ne a ceto yaro a Indiya a rasa shi a Doguwa.