Tsohuwar Na'urar Finbol Ba Ajiyar Banki Ba Ce

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wata na'urar wasa da ake kira finbol, wadda ta yi tashe a gidajen abinci da zaurukan wasannin matasa. Siffarta kamar dogon tebur ce mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, an kuma ɗan karkata shi zuwa wajen mai wasa. A cikinsa ake harba ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 27 da nauyin kimanin giram 80, ya riƙa karo da turaku da robobi, fitilu na walƙiya, maki na hauhawa. Aikin mai wasa shi ne ya hana ƙwallon gangarowa ya faɗa rami, ta hanyar danna maɓallai biyu da ke kaɗa wasu 'yan filafilai a gindin teburin.

An ƙera waɗannan na'urori ne domin su tara wa masu shaguna kwabbai, su tsufa, a jefar da su. Amma yau an wayi gari masu sha'awar tara kayan da suna rububin na hannu, har farashin wasunsu ya haura dala 10,000. Wannan ya sa wasu suka fara ɗaukar su tamkar fili ko zinariya, wato abin da za a saya a kulle a jira ya yi tsada. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa wannan lissafi kuskure ne, kuma illarsa ba ta tsaya ga aljihun mai saye kaɗai ba, tana shafar rayuwar wasan kansa.

Yadda aka kai ga ƙaranci

Kafin a fahimci farashi, wajibi ne a san yadda yawan na'urorin ya riƙa hawa da sauka. A 1931 David Gottlieb na birnin Shikago ya fito da Baffle Ball, wadda ake sayarwa dala 17.50, ya kuma sayar da fiye da 50,000. Na'urorin wancan lokaci ba su da filafilai, saboda haka sa'a ta fi gwaninta tasiri, hukumomi kuma suka ɗauke su a matsayin caca. A watan Janairu na 1942 magajin garin Niyu Yok, Fiorello La Guardia, ya haramta su, 'yan sanda suka kwashe dubbai aka farfasa da guduma. A 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da Humpty Dumpty, na'ura ta farko mai filafilai, gwaninta ta sami gurbi a wasan. Duk da haka haramcin Niyu Yok bai kau ba sai a 1976, bayan da wani gwani mai suna Roger Sharpe ya yi wasa a gaban majalisar birnin domin ya nuna cewa hannu ne ke sarrafa ƙwallon.

Farkon shekarun 1990 shi ne lokacin da kasuwar ta yi bunƙasa ta ƙarshe. A 1992 aka fito da The Addams Family ƙarƙashin sunan Bally, aka ƙera guda 20,270, adadin da babu wata na'ura mai filafilai da ta taɓa kaiwa. Daga nan wasannin bidiyo na cikin gida suka janye matasa, zaurukan wasa suka riƙa rufewa. Gottlieb ya durƙushe a 1996, Williams ya rufe sashensa na finbol a 1999, aka bar Stern shi kaɗai a matsayin babban maƙeri na tsawon fiye da shekara goma. Na'urorin da aka yi a waɗannan shekaru na faɗuwa ba su da yawa. Attack from Mars ta 1995 guda 3,450 ce, Medieval Madness ta 1997 guda 4,016, Cactus Canyon ta 1998 kuwa guda 903 kacal. A lokacin masu shaguna na neman kai da su a kan kuɗi kaɗan. Su ne kuma daga baya suka zama abin nema ruwa a jallo.

Abin da ke yanke farashi

Mai karatu zai iya zaton cewa tsufa ne ke kawo tsada, tunda an ce da tsohuwar zuma ake magani. A wannan kasuwa ba haka abin yake ba. Mafi yawan na'urorin shekarun 1960 da 1970, waɗanda ke aiki da wayoyi da makunnai ba tare da kwamfuta ba, sun fi na shekarun 1990 araha nesa ba kusa ba. Haka nan ƙaranci shi kaɗai ba ya isa. Akwai na'urorin da aka ƙera kaɗan saboda tun farko ba su yi wa kowa daɗi ba, kuma har yau ba a damu da su ba. The Addams Family kuwa, duk da yawanta, tana cikin masu tsada, domin masu sonta sun fi ta yawa.

Ashe abubuwa uku ne ke haɗuwa su yanke farashi: yawan na'urorin da suka rage, da lafiyar kowace ɗaya, da yawan masu begenta waɗanda ke da kuɗin saye. Wanda ya ɗauki na'urar a matsayin ajiya ya ɗora dukiyarsa a kan waɗannan duwatsun murhu uku, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke zaune daram.

Ƙarancin da masana'anta ke iya warwarewa

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin yadda ƙaranci ke ruɗar ɗan Adam. A 2006 wani masani Bafaranshe, Franck Courchamp, tare da abokan aikinsa, sun bayyana yadda ƙarancin wata dabba ko tsiro ke ƙara mata daraja a idon masu tarawa. Tsadar sai ta ƙara wa mafarauta ƙaimi, ragowar su ƙara raguwa, farashi ya sake tashi, har jinsin ya kai bakin ƙarewa. Irin wannan ɗabi'a ce ke motsa mai neman Cactus Canyon: sanin cewa guda 903 ne a duniya ya isa ya buɗe masa aljihu.

Sai dai akwai bambanci babba a tsakani. Jinsin tsuntsu idan ya ƙare, ya ƙare ke nan har abada. Na'ura kuwa tana da zane a takarda da haƙƙin mallaka a hannun wani, kuma duk ranar da farashin ta hannu ya wuce kuɗin ƙera sabuwa, wani zai tashi ya ƙera. Haka ta faru da Medieval Madness. Bayan farashinta ya haura dala 10,000, sai aka sanar a 2013 cewa za a sake ƙera ta, kamfanin Chicago Gaming ya fara fitar da sababbi a 2015 a kan kimanin dala 8,000. Daga nan Attack from Mars da Monster Bash da Cactus Canyon suka biyo sahu. Gaskiya ne cewa akwai masu dagewa sai ta asali, amma mai son wasa kawai ya sami mafita, kuma ficewarsa daga layin masu taya ta asali ragi ne ga masu buƙatarta. Daɗin daɗawa, tun da Jersey Jack ya fitar da The Wizard of Oz a 2013 maƙera suka sake yawaita. A 2023 sabuwar na'urar Stern na tsakanin kimanin dala 7,000 da 13,000 gwargwadon ajinta. Wannan farashi rufi ne da ke danne mafi yawan tsofaffin, domin mai saye yana da zaɓi.

Kaya mai ruɓewa

Dutse na biyu shi ne lafiyar na'urar, a nan kuma kimiyya ba ta goyon bayan mai ajiya. Na'urar finbol haɗin katako ce da ƙarfe da roba da gilashi da fenti, nauyinta ya haura kilo 100, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abokin gaba. Katako na shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, fentin da ke kansa ya tsattsage. In laima ta daɗe, fumfuna ta samu wurin zama. Zanen da ke bayan gilashin goshin na'urar yana ɓamɓarewa idan zafi da sanyi suka riƙa musanya, domin gilashi da fenti ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna. Roba na bushewa ta karye saboda iskar oksijin, ko da ba a taɓa ta ba. Ƙwallo idan ya yi tsatsa sai ya zama tamkar magagari, ya riƙa kankare zanen filin wasa.

Mafi muni shi ne batir. Na'urorin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1990 suna da allon lantarki mai ɗauke da batura domin riƙe maki da saiti idan an kashe wuta. Batir idan ya tsufa yakan yi yoyon sinadarin fotasiyam haidiroksaid, ɗan'uwan ruwan toka, wanda ke cinye siraran layukan tagulla na allon sannu a hankali. Wanda ke wasa da na'urarsa kullum zai lura da wuri ya canza batir. Wanda ya lulluɓe ta ya kulle a ɗaki yana jiran tsada ba zai sani ba sai ɓarna ta gama aukuwa.

A ƙara da kuɗin wurin ajiya, da na dako, da ladan mai gyara, da kamashon 'yan gwanjo. A ƙara kuma da faɗuwar darajar kuɗi: tsakanin 1997 da 2024 dalar Amurka ta rasa kusan rabin ƙarfin sayenta. Ma'ana, na'urar da farashinta ya ninka biyu a wannan tsakani ba ta ci riba ba, a inda take ta tsaya.

Masu saye ma suna tsufa

Dutse na uku ya fi sauran rauni. Waɗanda ke biyan kuɗi mai yawa a kan na'urorin shekarun 1990 galibi mutane ne da suka yi ƙuruciya a gabansu, yanzu kuma sun kai shekara arba'in zuwa sittin suna da abin hannu. Abin da suke saye shi ne tunawa da ƙuruciyarsu. Wannan tsara za ta tsufa, ta koma ƙananan gidaje, magada su fitar da kayan kasuwa. Arahar na'urorin shekarun 1960 ishara ce ga abin da kan faru idan masu begen abu suka ragu. An kuma ga yadda buƙata ke jujjuyawa cikin ɗan lokaci: a 2020 da 2021, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, farashi ya yi tashin gwauron zabi, bayan an buɗe gari kuma kasuwar ta lafa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare tsada suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ce tsada ce ta ceci dubban na'urori daga juji, domin babu mai ɓata wata uku yana gyaran abin da ba shi da daraja. Ita ce kuma ta sa ƙananan kamfanoni suka shiga ƙera sababbin alluna da robobi da filayen wasa domin tsofaffin na'urori. Wannan gaskiya ne, kuma farashi mai ma'ana alheri ne ga wasan.

Amma akwai iyakar da in an wuce ta maganin ke zama guba. A 2021 gidan adana na'urorin finbol na garin Banning a jihar Kalifoniya ya rufe, aka yi gwanjon na'urorin wasa fiye da 1,700 a watan Satumba. Tarin da jama'a ke shiga su taɓa da hannunsu ya watse zuwa hannaye daban-daban. Duk na'urar da ta bar bainar jama'a ta shiga ɗakin mutum ɗaya, an rage yaran da za su san daɗinta, su ne kuwa masu sayen gobe. Ta haka mai ɓoyewa domin riba yake sare reshen da yake zaune a kai. Akasin wannan shi ne Pinball Hall of Fame na birnin Las Begas, wanda Tim Arnold ya assasa, inda ɗaruruwan na'urori ke kunne kowa ya saka kwabo ya yi wasa, ana gyara su a kai a kai, rarar kuɗin kuma ana ba da ita sadaka.

Kammalawa

Wanda ke son sayen tsohuwar na'urar finbol ya saya domin yana son wasanta, da kuɗin da ba zai shiga uku ba idan bai dawo ba. Kafin ya biya, ya buɗe goshin ya duba allon lantarki ko akwai alamar yoyon batir, ya duba filin wasa inda ƙwallo ya fi bi, ya haska gilashin ta baya, ya kuma tambayi kansa ko akwai mai gyara a kusa da shi ko shi zai koya. Idan farashi ya tashi daga baya, gyara kayanka ne ya biya shi. Idan ya faɗi, ya riga ya ci moriyar shekarun da ya yi yana wasa.

Darasin bai tsaya ga finbol ba. Duk kayan da masana'anta ta ƙera, wanda ke lalacewa a ajiye, kuma darajarsa ta dogara ga begen tsara ɗaya, abin jin daɗi ne, ba jari ba. Abin da zai sa Medieval Madness ta ci gaba da samun mai taya ta nan da shekara talatin shi ne yawan matasan da aka bari suka danna maɓallanta yau, da yawan waɗanda aka koya wa riƙe ƙarfen dalma su gyara ta.