Kafin a ɗora shi kan sikeli

Jama'ar Zango, akwai wani ciniki da muke yi a Tamale wanda kullum mu ne da faɗuwa, kuma ko cikin asara ba ma lissafa shi. Dattijo ya rasu, a buɗe adakarsa, a raba kuɗi da tufafi bisa shari'a, tarkacen ƙarfe kuwa a tara wa mai sayen gwangwan ya auna. A cikin tarkacen nan ake samun lambobin yaƙi da maɓallan kaki da ɗan littafin albashin soja. Jefi-jefi ma akan tarar da wani abu mai kama da agogo, baƙar fuska da farar allura, wanda asalinsa a gaban matuƙin jirgin yaƙi yake.

Ta ina irin wannan ya shigo gidajenmu? A 1940 hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuyar bi, sai ta koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi. Can ake harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar, tafiyar kusan mako guda. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Tamale ba ta kan babbar hanyar, amma a shekarar 1940 ɗin aka tanadi filin saukar jiragen soja a Nyohini. Kakanninmu ba su tuƙa Hurricane ko Blenheim ba. Su ne masu gadi da leburori da direbobi, su ne kuma sojan ƙasa da aka kai Habasha da Bama, a rundunar da Hausa ta daɗe tana zama harshen barikinta.

A Turai akwai mutanen da suka mayar da tara irin waɗannan kaya sana'a, kuma sun san abin da suke dubawa. Kayan jirgin sojan saman Ingila na wancan zamani kan ɗauki tambarin kambin sarauta da haruffa AM, shaidar ma'aikatar jiragen sama. Na'urorin gaban matuƙi, kamar ma'aunin gudu da ma'aunin nisa daga ƙasa, suna da lambar sito da ta fara da 6A, sau da yawa har da shekarar ƙira. Wanda ya ɗauki yashi da toka ya dirje ƙarfen don ya yi ƙyalli, waɗannan alamu yake kankarewa, darajar abin kuma ta bi su.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci. An shafa wa allura da lambobin yawancin na'urorin nan fenti mai sinadarin radiyam domin matuƙi ya gani cikin dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, gubar tana nan, don radiyam sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kada a fasa gilashin, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a ajiye shi a ɗakin kwana. Maƙerin da ke narka gwangwan yana zuba tukwane shi ma yana da haƙƙi a kanmu mu faɗa masa.

Lambobin yaƙi kuwa, nan ne hasarar ta fi ciwo. Tauraron Bama da Tauraron Afirka da Ingila ta raba bayan yaƙin, ba ta buga sunan kowa a bayansu ba. Kyallen ne ke nuna fagen daga: na Bama shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, na Afirka kalar rairayi da ja a tsakiya. Sunan mai lambar yana cikin takardar sallamarsa, inda lambar sojan Gold Coast ke farawa da GC, ta Nijeriya da NA, yana kuma bakin iyalinsa. Ranar da tauraron ya rabu da takardar ya zama hadisi maras isnadi, kowa na iya jingina shi ga wanda ya ga dama.

Ba mu ga laifin magajin da talauci ya sa ya sayar ba, kuma masu sayen gwangwan ɗin ma da yawansu 'ya'yanmu ne masu neman halal. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kafin abu ya bar gida a ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, a rubuta sunan mai shi da lambarsa da inda ya yi yaƙi, a bar kwafi wurin sarkin Zango ko limamin unguwa. Wanda ba ya son riƙewa, gidan tarihin soja na Kumasi yana ajiye kayan yaƙin Habasha da Bama, ya fara tuntuɓar su kafin ya nufi kasuwar Aboabo.

Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu kusan duk sun kwanta dama. 'Ya'yansu da suka ji labarin daga bakinsu suna nan a Hausa Zongo da Sabonjida, da yawa sun haura saba'in. Su za a fara tambaya, a kuma naɗi muryarsu.