Karsanar da ba ta san karkiya ba

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san karsana ita ce jarin garke. Ba ta haihu ba tukuna, amma nono da maruƙan gobe duk a jikinta suke, shi ya sa ba a yanka ta da wasa. Sai ga shi a Attaura, wadda Yahudawa da Kirista duka ke karantawa, wurare biyu an ce a ba da ita, kuma duka biyun batun mutuwa ne.

Na farko yana cikin Maimaitawar Shari'a, sura 21. In aka tsinci gawa a fili ba a san wanda ya yi kisan ba, sai a auna a ga garin da ya fi kusa. Dattawansa su kawo karsanar da ba a taɓa ɗora wa karkiya ba, su kai ta kwarin da ba a nomawa, su karya mata wuya, su wanke hannu a kanta, su shaida cewa ba su zub da jinin ba, ba su kuma gani ba. To, wa ya zargi dattawa da kisa? Malaman Yahudawa na dā sun yi wannan tambaya. Amsarsu ita ce, dattawan suna shaida ne cewa ba su bar mutumin ya wuce da yunwa ba, ba su kuma sallame shi ba rakiya. A ganinmu nan nauyin zancen yake: gari ba shi da damar cewa ai ba ɗanmu ba ne.

Na biyu ita ce jar karsana ta Littafin Ƙidaya, sura 19. Akan ƙone ta ƙurmus a bayan zango, a zuba tokar cikin ruwa, a yayyafa wa wanda ya taɓa gawa a rana ta uku da ta bakwai. Abin mamaki, wanda ya ƙone ta da wanda ya kwashe tokar su kansu sun ƙazantu har yamma. Malamansu sun ce ko Sulemanu da hikimarsa bai gano dalili ba, balle mu 'yan alli. Kirista kuwa, bisa Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 9, sun ɗauke ta a matsayin ishara: toka jiki take tsarkakewa, jinin Almasihu kuma zuciya.

Al'adar Yahudawa ta ce tara kacal aka ƙone daga zamanin Musa zuwa rushe Haikali a shekara ta 70, kuma gashi biyu da ba ja ba sun isa a ƙi karsana. A watan Satumba 2022 aka kai karsana biyar jajaye Isra'ila daga jihar Tekzas ta Amurka. Masu burin sake gina Haikali suka yi murna, Falasɗinawa kuwa hankalinsu ya tashi, don a harabar da Haikalin ya tsaya Masallacin Ƙudus yake a yau.